Tafiyata Alƙahira Dashen Mama, Ni da ’Yar Fari

Tun da na dawo daga Masar ɗakina bai rabu da mata ba. Kowace ta shigo sai ta ce, “Hajiya, yaya Masar?” amma idonta ba a fuskata yake ba, yana ƙasa kaɗan. Na gaji da maimaita labari ɗaya sau biyar a wuni, ga ɗinki a ƙirji. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya in tura zaurenmu na matan Islamiyya, ku karanta ku huta, ni ma in huta.

Waɗanda muke tare a Gyaɗi-Gyaɗi sun san shekara uku da suka wuce aka cire mini maman dama saboda ciwon daji. An sha magani, gashi ya zube ya dawo, likitoci suka ce babu sauran ciwo. Alhamdu lillahi. Abin da ya rage shi ne fili a gefe guda. Da yake ni tela ce, ban tsaya jiran kowa ba, na ɗinka ’yar jaka ina cusawa a rigar mama. Na fara da auduga, sai ta riƙa hawowa wuyana in na yi ruku’u. Na koma gero, ya yi ƙwari. Daga ƙarshe shinkafa ce ta zauna, gwangwanin madara biyu ba kaɗan. Shekara uku ina yawo da abincin mutum guda a ƙirji. In zafi ya zo ƙuraje su feso, in na ɗaga hannu a gidan biki hankalina yana kan jaka.

Da yara suka haɗa kai suka ce sai an kai ni an yi mini dashe, na fara tambayar malamarmu. Ta ce mayar da abin da cuta ta ɗauke magani ne. Malam kuwa, maigidana, cewa ya yi, “Ni ban ce ki je ba, ban ce kar ki je ba. Ki dai dawo.”

Wadda aka shirya za ta raka ni ita ce Sista Rahila, ma’aikaciyar jinya, mutuniyar Kudancin Kaduna da ke zaune a Tarauni. Shekara ashirin ina yi mata ɗinkin Kirsimeti, kuma ita ta wanke mini ciwo tun ranar farko. Saura mako guda tafiya fasfonta bai fito ba. A cikin ’ya’yana mai fasfo da Turanci da sanin asibiti mutum ɗaya ce, ’yar farina.

Kun san yadda aka rene mu. Ranar da aka yaye ta gwaggon babanta ta ɗauke ta zuwa Daurawa, can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji. Ban taɓa kiran sunanta ba, ’Yar Gwaggo nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya. Yau shekarunta talatin da huɗu, ’ya’yanta uku, ma’aikaciyar jinya ce ita ma. Ko lokacin da nake kwance a asibiti, in ta shigo sai in ja mayafi har wuya, ta gaishe ni daga bakin gado ta fita. Da aka ce da ita zan tafi, wallahi sai da na so fasawa.

Mun tashi daga Kano ranar Talata. A jirgi kujerunmu a jere, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma abin da muka ce wa juna bai wuce “Ga ruwa” da “Na gode” ba.

A filin jirgin Alƙahira aka fara. Na cika jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa, don an ce mini abincinsu ba ya riƙe ciki. Ma’aikacin kwastan ya kwance ledar daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. ’Yar Gwaggo tana ta bayani da Turanci, shi yana ta kiran abokan aikinsa su zo su shinshina. Daga nan aka ce a kai ni wani ɗaki mace ta caje jikina. Matar ta shafo ƙirjina, ta ji abu yana motsi a ƙarƙashin hannunta, ta zaro jakata, ta sa almakashi ta farke. Shinkafa ta watse a ƙasa.

Na tsaya riga a buɗe, ’Yar Gwaggo ta juya tana kallon ƙofa. Matar ta dubi shinkafa, ta dubi tabon da ke ƙirjina, sai ta gane. Ta rufe mini riga da hannunta, ta kama kaina ta sumbata, tana ta zuba Larabci. Ita da ’Yar Gwaggo suka durƙusa suka tsince shinkafar tas, aka ƙulla mini a leda. Har daddawar aka mayar mini. A mota babu wanda ya tayar da zancen.

Masaukinmu ɗaki ne da falo a hawa na shida, gidan wata dattijuwa mai suna Madam Su’ad da ke ba marasa lafiya haya. Lif ɗin gidan keji ne na ƙarfe, yana tafiya yana nishi, sau biyu ya tsaya da mu tsakanin hawa na uku da na huɗu. Matan gidan ba sa sauka sayen burodi. Kwando suke ɗaura wa igiya su zura ta taga, mai shago ya zuba, su janye. Na ce da a unguwarmu ne, kafin kwandon ya kai rabi awaki sun gama da shi.

Abinci kuwa, wake da safe, wake da rana. Akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da makaroni da wani ƙaramin wake a kwano ɗaya, su zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Da na gani na ɗauka ragowar tukwane aka tattara mana, ashe abin alfaharinsu ne, kuma ba laifi, na ci. Rana ta uku Madam Su’ad ta shigo da wata koriyar miya tana ta yabo, wai sai a Masar. Na ɗanɗana, lalo ne, lalon da ke fitowa a bayan gidanmu da damina, sai dai su a kan shinkafa suke zubawa. Na tuƙa mata tuwo na nuna mata yadda ake yi, ta ci loma biyu don kara.

Ni da ita Larabcin Islamiyya muke yi. In na yi magana sai ta ƙyalƙyale da dariya, wai kamar liman a mumbari. Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan shi ne ita da ’yarta ta fari. Matar aure ce babba, amma in ta zo sai ta faɗa jikin uwar, su sumbaci juna, ta kwantar da kai a cinyarta suna kallon talabijin. A titi ma haka, uwa da ’ya hannu cikin hannu. Madam Su’ad ta tambaye ni ko ’Yar Gwaggo ma’aikaciyata ce. Na ce ’yata ce, ta fari. Ta ce to laifin me ta yi mini? Na yi iya ƙoƙarina in bayyana mata kunya, Larabcina ya ƙare ban kai ko’ina ba.

Ranar Asabar muka ga likita. Mace ce, Dakta Muna, gajera mai saurin magana, Turancinta da Larabci a cakuɗe, ko kalma ban tsinta ba. Na cire riga a gabanta ban ji komai ba, likita ce. Wahalar ita ce tafinta. ’Yar Gwaggo ta ja kujera ta fuskanci bango, daga can take fassara.

Aka kawo faranti da robobin dashen a jere. Jakunkuna ne masu laushi, garai-garai, in kin matsa su dawo. Likita ta ce girmansu da awon ruwa ake faɗa, kamar na sirinji, ta nuna mini na ɗari biyu da hamsin, da na ɗari uku da ɗan kai, da na ɗari huɗu. Ta ce ba abin da ido ya so ake ɗauka ba, sai an duba faɗin ƙirji da yawan fatar da ta rage. Ta auna ni da tef kamar yadda nake auna masu ɗinki, ta mintsini fatar ta ja. Ta ce likitan Kano ya bar fata mai kyau, za ta ɗauki ƙarami ko matsakaici a aiki ɗaya. Babban kuwa sai an fara sa wata jaka ana yi mata ƙarin ruwa wata da watanni fata ta buɗe, sannan a dawo. Na ce a cire babban daga faranti, ba gasa na zo ba.

Aka ba ni rigar mama da wata matsattsiyar riga, ina sa roba ɗaya ina duba madubi, in cire in sa ɗaya. Ƙaramin ya bar rami, matsakaicin kuma na kasa tantancewa. Sai na ce a miƙo mini jakata, wadda na sake ɗinkewa a masauki. Na ce a gaya wa likita shekara uku ina ƙarawa ina ragewa har ta zo daidai da na hagu, ban san awon da ya fi wannan ba. Likita ta juye shinkafar a kofin awo, ta duba, ta yi dariya har da tafi. Ta ce su ma abin da suke sa mata su gwada a gida ke nan, shinkafa a cikin safa. Awon ya faɗa kusa da matsakaicin. Magana ta ƙare a kan girma, kuma ina ta jin kaina.

Amma kafin mu fita likita ta koma kan na hagu, mai lafiyar. Ta ɗaga shi a tafin hannunta ta saki, ta auna daga ƙashin wuya zuwa kansa, ta yi magana mai tsawo, tana nuni da yatsa sama da ƙasa. Na jira fassara. Daga bango aka ce, “Ta ce za a ɗan daidaita su.”

Maganar minti biyar ta dawo kalma bakwai. Na san akwai saura. Amma in tambaya, sai na ce mene ne za a yi wa nonona, ita kuma sai ta amsa mini da sunan kowane wuri. Na ce, “To.” Ta kawo takarda ta nuna mini inda zan sa hannu, na sa.

Kwana huɗu muka yi ana gwajin jini da hoto. A ciki muka je kasuwa, na koyi tsallaka titinsu, wato ki rufe ido ki bi bayan wata tsohuwa. Na sayi zaren ɗinki da turmin yadi biyu, mai shagon ya rantse da ’ya’yansa cewa faɗuwa ya yi.

Ranar aiki muka isa asibiti da hantsi. Aka ba ni rigar tiyata mai ɗauri a baya. Likita ta shigo da alƙalami mai shuɗin tawada, ta ce in tsaya. Ta zana gefen dama, layi biyu uku, ban damu ba. Sai ta koma hagu. Ta zagaye kan maman, ta ja layi ya sauka ƙasa, ta ja wani a kwance a ƙarƙashi, ta yi alama can sama inda babu komai. Ta dafa kafaɗata ta ce saura awa biyu, ta fita.

Ba na jin Turanci, amma shekara talatin ina zana alli a kan yadi. Inda aka ja layi, nan almakashi yake bi.

Na ɗauki waya na shiga banɗaki na kira Sista Rahila, na kwatanta mata zanen.

Ta ce, “Ɗage shi za su yi, Hajiya. Robar nan a tsaye take zama, ba ta kwanciya. Naki kuma ya shayar, ya sauka. Sai su rage fata, su mayar da kan sama, su zo daidai. Aiki ne da ake yi kullum, mata da yawa suna so, ba abin tsoro ba ne. Ba a gaya miki ba?”

Na ce, “An ce za a daidaita.”

“To ke kina so?”

Na ce, “Sista, sau ɗaya aka shiga da ni ɗakin nan da biyu na fito da ɗaya. Wannan bai yi ciwo ba, bai yi laifin komai ba. Ba na so wuƙa ta taɓa shi. Ki kira ’Yar Gwaggo ki gaya mata.”

Ta ce, “Ni ina Tarauni ina tsinken alayyafo. Ita tana bayan ƙofar nan. Ba zan kira ba. Jikinki ne, bakinki ne, ’yarki ce. Hajiya, in kika yi shiru, nan da azahar an gama, kuma ba a mayarwa.” Ta kashe wayarta.

Na ji haushinta ƙwarai. Na daɗe a tsaye gaban madubin banɗakin ina kallon shuɗin zanen. Tsoro nake ji, ba na aikin ba, tsoron buɗe baki ne.

Da na fito ’Yar Gwaggo tana ninke kayana tana sawa a jaka. Na zauna a bakin gado, na kwance ɗaurin rigar da kaina, na sauke ta zuwa ƙugu. Na ce, “Juyo ki duba.”

Ta juyo, ta ga yadda nake, ta sunkuyar da kai.

Na ce, “Ba ƙasa ba. Nan.”

Ta ɗago.

Na ce, “Wannan zanen na mene ne? Faɗa mini duka, yadda likita ta faɗa.”

Ta faɗa. Ta faɗa da sunan komai, inda za a yanka, inda za a mayar, tabon da zai rage, da cewa wataƙila jin wurin ya ragu. Ta ce in ba a yi ba, ɗaya zai tsaya ɗaya ya kwanta, sai a cikin rigar mama ne za su zo daidai.

Na ce, “Ku shida ya shayar. Ke kika fara kwantar da shi, wata ashirin da biyu kina sha. Yadda yake ɗin nan haka nake son abina. A cike mini inda babu, a bar mini inda akwai.”

Ta ce, “Hajiya, ba za su yi kyau ɗaya ba.”

Na ce, “Wa zai gani? Babanki shekara uku yana ganin fili bai ce komai ba.”

Ta ce, “Wallahi na ɗauka kina so ne, nauyina ya hana ki faɗa. Shi ya sa na gajarta, don kar in ba ki kunya.”

Na ce, “Ni ma don kar in ba ki kunya na ce to. Je ki kira likitar.”

Likita ta dawo, ba ta ji daɗi ba da farko, kuma da gaskiyarta, ta ce me ya sa ba a faɗa tun ranar Asabar ba. Ta zauna ta sake bayani daga farko, ta sa aka fassara mini jimla jimla, ’Yar Gwaggo tana tsaye a gabana wannan karon. Ta nuna mini hotunan waɗanda aka ɗage da waɗanda ba a ɗage ba. Sau uku tana tambayata ko na tabbata. Ta ce in na sake shawara ko bayan shekara ne ana iya yi. Ta kuma canza robar zuwa mai siffar da ta fi cika daga ƙasa, awon dai shi ne, don ta fi kusa da nawa. Aka yaga takardar farko, na sa hannu a sabuwa.

Ma’aikaciyar asibitin ta kawo auduga da sifirit za ta goge zanen hagu. ’Yar Gwaggo ta karɓa daga hannunta ta ce ita za ta yi. Tawadar tana da taurin kai, sai da ta canza auduga huɗu.

Aiki ya yi kyau. Kwana biyu a asibiti, kwana goma sha biyu a masauki da robar fitar da ruwa a gefena. Madam Su’ad ta yi ta aiko da miyar lalo har na roƙe ta ta bari. Ranar dawowa na bar mata sauran daddawa, ban sani ba ko ta ci ko ta zubar. A kwastan babu wanda ya tsayar da mu.

To ga amsar abin da idanunku ke tambaya. Na dama a tsaye yake, yana da ɗan tauri, kuma ya fi ɗayan sanyi da asuba. Na hagu yana nan yadda kuka san na kowace uwa. In na sa rigar mama babu mai ganewa, in na cire akwai bambanci, kuma bai dame ni ba. Wadda za ta je, shawarata biyu ce: ta san awonta tun daga gida, kuma kada ta sa hannu a takarda sai an faɗa mata duk inda wuƙa za ta bi, ko da wa za a faɗa a gabansa.

Sista Rahila ta zo sannu da zuwa da kwanon gwate. Na ce ta duba mini ɗinkin, ta ce ita ta yi ritaya daga kaina, ina da ma’aikaciya. Haka kuwa aka yi. Kullum da safe kafin ta wuce aiki ’Yar Gwaggo take sauka daga adaidaita a ƙofar gidanmu, ta wanke hannu, ta duba ciwon, ta canza bandeji.

Shekaranjiya tana cikin yanka filasta, kanta a sunkuye, ta ce, “Hajiya, ranar da Gwaggo ta zo ɗaukata, kin yi kuka?”

Na ce, “A gaban mutane? Tuwo na ci har da ƙari, aka yi ta yabona.”

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da yanka.

Na ce, “Sai da suka cika suka yi tauri, babu mai sha. Kwana huɗu ina shiga bayi ina matse su a ƙasa. A can na yi.”

Almakashin ya tsaya a hannunta. Sannan ta goge fuskarta da gefen hijabi, ta matso, ta ce, “Ɗaga hannun, Umma. A hankali.”